Kafin A Ɗaure Kaya: Zaɓen Karkarar Da Iyali Za Su Koma Gabanin Ritaya

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan reshenmu, tsohon shugaban makarantar firamare, ya gabatar a taron malaman da suka kusa ajiye aiki. Mun buga shi kamar yadda ya gabatar, domin waɗanda ba su samu halarta ba da iyalansu.



Malam Shugaban Reshe, Malam Sakatare, magabatanmu da suka riga mu ajiye alli, 'yan'uwana malamai maza da mata, da iyalanmu da suka daure suka zo, ina yi muku barka da war haka.

Da Malam Sakatare ya aiko mini cewa ana so in yi magana a kan komawa karkara, sai na ce masa ni ba malamin gona ba ne, ban kuma karanci safiyo ba. Ya ce abin da ya sa aka neme ni shi ne na koma, na kuma zauna. Gaskiya ne na koma, yau shekara tara ke nan. Sai dai kafin in dace sai da na yi tuntuɓe, tuntuɓen da ya cinye mini adashin shekara shida. Da shi zan fara, don kada wani a cikinku ya sake biyan kuɗin karatun da na riga na biya.

A cikin watan Maris aka kai ni wani ƙauye a gefen kogi. Ba zan ambaci sunansa ba, domin mutanensa ba su yi mini laifin komai ba. Ko'ina a ƙasar nan ya bushe ƙayau, amma can albasa da tumatir sun yi shar, iska tana kaɗawa, ga inuwar mangwaro. Dillali ya nuna mini fili, ya ce nan gida, can gona. Ban kwana biyu ba na biya. Da Agusta ta yi tsakiya na koma da magini don mu auna harsashi, sai muka tarar da yara suna kamun kifi a daidai inda na yi niyyar kafa ɗakin uwargida. Wani dattijo da ke zaune a bakin hanya ya dube ni ya ce, “Malam, ai da ka tambaye mu. Tun muna yara nan makwancin ruwa ne.” Ban tambaye su ba. Na tambayi mai son ya sayar, na kuma yarda da idona a watan da ido ke yaudara. Masu iya magana suna cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. To, hangen ƙauye ma ba zama cikinsa ba ne.

Ba sai na tsawaita a kan dalilin da ke sa malami ya yi tunanin barin birni ba. Kowa ya san abin da kuɗin haya ya zama, ya san yadda kuɗin mota da na cefane suka tashi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Kowa kuma ya san fansho bai kai albashi ba, kuɗin sallama kuwa ba kullum yake zuwa a ranar da aka sa rai ba. Abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne lokaci. Dokar shekarun ritayar malamai da aka sa wa hannu a 2022 ta kai wa'adin zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, maimakon 60 da 35 da muka saba da su. Jihohi ba su ɗauke ta rana ɗaya ba, saboda haka kowa ya je ofishin sakataren ilimi ya tabbatar da ranarsa a rubuce. Daga wannan rana sai ya ƙirgo baya shekara biyar. Nan ne mafarin shiri.

Na ce shekara biyar ne saboda wanda ya koma yana da albashi yana da damar yin kuskure ya gyara. Wanda ya koma da kuɗin sallama a aljihu, kuskurensa na farko shi ne na ƙarshe. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Akwai kuma wata fa'ida da babu mai ita sai mu malamai. Idan ka nemi canjin wurin aiki zuwa makarantar garin da ka zaɓa, za ka shiga garin a matsayin malamin 'ya'yansu. Kafin shekara ta zagayo ka san gidaje ta hanyar rajistar aji, an gayyace ka suna da ɗaurin aure. Wanda ya sauka bayan ritaya kuwa, baƙo ne da ya zo da motar kaya, kowa yana tambayar me ya koro shi.

To, ina za a koma? Abu na farko da za a auna shi ne tsaro, domin idan babu shi sauran lissafin duk ya rushe. Mu malamai ba ma bukatar a tuna mana da Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris na 2024. Garuruwan da ke maƙwabtaka da manyan dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku sun sha wahalar da ba ta misaltuwa, kuma matsalar tana yawo, ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Kada ka tambayi mutum, “Garinku lafiya?” Kowane Bahaushe zai ce lafiya lau. Ka tambaya ko bara an noma gonakin da ke nesa da gari. Ka tambayi malaman makarantar ko a garin suke kwana ko kullum sai sun koma hedikwata. Ka zauna a tasha ka ji ƙarfe nawa motar ƙarshe take tashi, kuma me ya sa. Direbobi da malaman asibiti da 'yan kasuwar mako sun fi kowa sanin gaskiyar hanya. Idan kuma ka tashi gini, ka yi irin na mutanen garin. Ɗan fansho da ya zo daga birni ya ɗora bene da jan kwano ya rataya wa kansa ƙararrawa, alhali shi ya san abin da ke cikin asusunsa.

Na biyu ruwa, kuma ruwa fuska biyu gare shi: rashinsa da yawansa. Yawancin kudanci da yammacin Kano a kan dutse suke zaune. A irin wannan ƙasa rijiyar burtsatse sai an dace da tsagar dutsen, maƙwabcinka ya samu ruwa kai ka haƙa ka tashi a tutar babu. Gabas da arewa maso gabas, wajen Haɗeja da Gumel, ƙasar yashi da laka ce ta kwarin Chadi, lissafinta daban ne. Saboda haka ka je a watan Afrilu, lokacin da bazara ta kai maƙura, ka leƙa rijiyoyin garin da kanka. Igiyar guga gaba nawa ce? Nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka? Ka ɗanɗana ruwan ka ji ko zartsi ne. Ka dubi su wa ke ɗibar ruwa da safe, domin idan yara ne, ka san abin da zai samu zuwan 'ya'yanka makaranta.

Sa'an nan ka koma a watan Agusta, cikin marka. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992 sun kawo albarkar noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam, har zuwa Auyo. Amma wannan kwarin shi ne kuma ke shan ambaliya, ga ciyawar kacala da ke toshe magudanai a ƙasan kogin. Duk wanda ya ga halin da Ringim da Auyo da Haɗeja da Kafin Hausa suka shiga a daminar 2022 ya san abin da nake nufi. Ban ce kada a je can ba, garuruwa ne masu arziki da mutanen kirki. Cewa na yi gida a tudu, gona a fadama. Ka dubi gindin tsofaffin katangu, ruwa yakan bar zanensa a jikinsu. Ka nemi wanda ya fi kowa tsufa a unguwar ka ce ya nuna maka iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa a rayuwarsa, ka yi gininka sama da nan. Ka tuna kuma inda ruwa ke kwanciya sauro ya fi yawa, yaran da ke wanka a magudanan ban-ruwa kuma sukan kamu da tsargiya.

Na uku lafiya da hanya, ba sa rabuwa. Mu da muka haura hamsin, da wuya a ƙirga biyar a ɗakin nan ba a samu mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa ba. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: idan ciwo ya tashi ƙarfe biyun dare a tsakiyar damina, minti nawa ne zuwa babban asibiti, kuma motar wa zan buga wa ƙofa? Ginin asibiti mai sabon fenti ba shi ne magani ba. Ka shiga ciki ka tambaya ko akwai ma'aikacin da ke kwana, ko akwai ungozoma, ko ana auna jini da suga, ko maganin da kake sha kullum yana samuwa a kantin garin. Mai allurar suga ya san tana bukatar sanyi, sai ya yi lissafin sola tun a cikin kuɗin gini. Wanda ke cikin shirin taimakekeniyar lafiya ya bincika ko za a mayar masa da rajistarsa asibitin da ke kusa da sabon mazauninsa. Kada a manta kuma ɗan fansho ba ya rabuwa da tafiya: tantancewa, banki, gyaran takarda. Wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ta nuna mana yadda garin da ba banki, ba sabis ɗin waya mai ƙarfi, yake zama kurkuku ga mai kuɗi a asusu. Shi ya sa shawarata ita ce a nemi hedikwatar ƙaramar hukuma ko gari mai kasuwar mako a bakin kwalta, gonar ta zama tafiyar keke ko babur daga gida. Ƙauyen ƙayau yana da daɗin ziyara ga mai shekara arba'in. Mai shekara saba'in yana bukatar hanya.

Na huɗu ƙasa, da abin da take bayarwa, da takardarta. Kano da kewayenta kan samu ruwan sama wajen milimita 800 zuwa 900 a shekara. Idan aka gangara Tudun Wada da Doguwa ya fi haka, can ne ƙasar masara da dawa da waken suya. Idan aka haura arewa wajen iyaka sai ya ragu, can gero da wake da riɗi da zoɓo ne sarakai. Kowa ya zaɓi abin da jikinsa da aljihunsa za su iya. Gonar da gawo ke cikinta alheri ce, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, yana kuma ciyar da ƙasa. Gonar da ƙuduji ya mamaye ta gaji, sai an yi mata hidimar taki shekaru kafin ta farfaɗo. Ka san kasuwar da za ka kai amfaninka: Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, ga Dawanau ga mai hatsi da yawa. Ka kuma tabbatar filinka bai ci burtali ko makiyaya ba, kome arahar da aka yi maka. Wanda ya shuka a hanyar shanu ya shuka rigima.

Game da takarda, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya a filayen da ba na birni ba. Ma'anar wannan a aikace ita ce cinikin baki da shan hannu bai isa ba. A yi takarda a gaban mai unguwa da dagaci, maƙwabtan gonar na kusurwa huɗu su sa hannu a kan iyaka, a kai ta ƙaramar hukuma a yi rajista. Babban tarkon kuwa shi ne gonar gado da ba a raba ba. Mutum ɗaya zai sayar maka, bayan shekara uku ƙanensa ya dawo daga Kurmi ya ce shi bai sani ba, ko 'yar'uwarsu da ke aure a wani gari ta zo neman rabonta, kuma gaskiyarta ce. Ka tambaya: ta wace hanya gonar nan ta zo hannunka? Saye ne, ko gado, ko jingina, ko aro? Idan gado ne, a tara magada duka, maza da mata, kafin sisinka ya fita.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da na san tana cikin zuciyar da yawanku: me zai hana in koma garinmu kawai? Babu abin da ya hana, kuma sau da yawa shi ya fi. Kana da dangi, kana da asali, ba wanda zai tambaye ka ɗan wane ne. Amma a auna shi da ma'aunin da aka auna sauran. Garin da ka bari kana saurayi ba shi za ka tarar ba. Abokan wasanka wasu sun rasu, wasu suna birni. Dangi kuma suna ganin ma'aikacin gwamnati ya dawo, ba su san fanshonka bai kai kuɗin buhun taki uku ko huɗu ba, kowace matsala ƙofarka za ta fara bugawa. Abin da na fi ja muku kunne a kansa shi ne gini a cikin gidan gado. Na ga abokin aikinmu da ya zuba duk abin da ya tara a filin mahaifinsu da ba a raba ba. Da ya rasu, matarsa da 'ya'yansa suka tarar ɗakunan nasu ne, ƙasar da ke ƙarƙashinsu kuwa ta mutum goma sha ɗaya ce. Ko a garinku ne, ka yi gini a filin da ke da sunanka.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe, wato iyali. Lokacin da na dawo da labarin garin da muke yanzu, na zauna ina zuba wa uwargida bayanin gona da rijiya da arahar hatsi. Ta bari sai da na gama, sa'an nan ta ce, “Malam, kai tun ranar farko za ka samu masallaci da majalisa. Ni wa zan samu? Kuma idan ka riga ni, a nan za ka bar ni?” Na rasa amsa, domin ban taɓa sa wannan a lissafi ba. Ita ce ta bar maƙwabtan shekara ashirin, da masu sayen kayan sana'arta, da makarantar Islamiyyarta, da 'yan'uwanta da take zuwa wurinsu da ƙafa. Saboda haka muka koma tare, ta kwana uku a gidan wata malama, ta shiga gidajen unguwar, ta ga injin niƙa da asibitin haihuwa da idonta. Ita ta zaɓi unguwar da muke ciki, kuma ta fi ni iya zaɓe. Takardar gidan kuwa na yi ta yadda ko bayan raina ba mai tayar da ita.

'Yan'uwana malamai mata, wannan magana taku ce ta fuska biyu. Wata a cikinku mijinta ne zai ce a tashi, alhali ita saura shekara goma ta yi ritaya. Ki nemi a zauna a yi lissafin aikinki da canjin makarantarki da fanshonki kafin a sa rana. Wata kuma ita ce ke riƙe da gidan, da guminta za a yi ginin. Ki sa sunanki a takarda, babu kunya a cikin wannan.

Yara ma a saurare su. Na firamare sukan saba cikin mako biyu. Wanda ke ajin ƙarshe na sakandare kada a tumɓuke shi a tsakiyar shiri. 'Yarmu ta biyu mun bar ta wurin gwaggonta har ta rubuta jarrabawarta. A duba ko akwai babbar sakandare ta 'yan mata a kusa, da malaman kimiyya a cikinta. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka a san inda cibiya mafi kusa take, da inda yaro zai koyi taɓa kwamfutar kafin ranar.

Idan an tace an ga gari ya yi, saura mataki ɗaya: kada a saya, a fara da haya. Ku kama gida ku zauna shekara guda cur, ku ga hunturunsa da bazararsa da daminarsa da kakarsa. Ku karɓi aron gona ko hayarta, eka ɗaya ko biyu, ku ga abin da taki da 'yan ƙwadago za su ci da abin da rumbu zai samu. Wanda ya yi shekara talatin yana riƙe da alli ba ya zama manomi a damina ɗaya, kuma akwai shekarar da hatsi zai yi araha taki bai sauko ba. Noma ya zama abin da zai rage muku cefane, fansho ya zama ginshiƙi. Mai gida a birni kuma kada ya yi gaggawar sayarwa, ya sa 'yan haya har sai ƙafarsa ta kafu. Idan shekara ta cika, uwargida ta ce a zauna, yara sun ce a zauna, to a kira magini.

Ina da roƙo ɗaya ga shugabannin reshe. Muna da tsofaffin mambobi da suka koma ƙananan hukumomi da dama a Kano da Jigawa. A buɗe littafi a ofis, a rubuta wanda ya yarda da garin da yake, domin duk malamin da ke tunanin wani gari ya samu ɗan'uwan da zai sauke shi kwana biyu ya gaya masa gaskiya, ba dillali ba. Ni ne na farko, a rubuta sunana, ɗakin baƙi yana nan.

Wani zai tambaya ina labarin filin nan na gefen kogi. Yana nan, ban sayar ba, domin ba zan iya yi wa wani abin da aka yi mini ba. Na ba wani matashi yana noman albasa da rani, yana kawo mini buhu biyu duk shekara. Da damina kuwa na kifi ne.

 Allah Ya sa mu gama aiki lafiya, Ya zaunar da kowa inda alherinsa da na iyalinsa yake.